Mutumin da Na Goge Yana Zaune a Gabana

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Asabar ba, kuma ba don ban gwada ba ne. Na gwada da yawan aiki, na gwada da lallashin kaina cewa ɗan Adam ajizi ne. Amma har yau, duk lokacin da na tsaya gaban jama'a zan yi bayani, sai in tuna ni ne na taɓa tsayawa a Dogon Dutsi gaban manya da ƙanana na ce wani bawan Allah babu shi a duniya, alhali yana zaune a layi na uku da sabuwar hularsa yana kallona.

Bari in faro daga tushe, don ku san irin girman kan da na ɗauko kafin in faɗi da shi.

A lokacin ban daɗe da dawowa daga Yamai ba, da takardar shaidar karatun ordinata, wato kwamfuta, wadda na sa aka yi mata gidan gilashi. Na samu aiki a wani kamfani mai kafa famfunan ruwa masu aiki da hasken rana a ƙauyukan Arewa. Ni kaɗai ne mai kula da ordinatoci a biron Dogon Dutsi, wato ofishinmu na can, saboda haka ake ce mini Injiniya, ni kuwa ban taɓa gyara wa kowa ba. (Ina da tabarau da nake sawa in zan shiga taro. Idona lafiyarsa lau, farin gilashi ne na saya a tasha.) Ba na iya gama magana sai na jefa Faransanci biyu ko uku a ciki, har mahaifiyata ta taɓa tambayata ko a Yamai ɗin an yanke mini rabin harshe ne.

Ma'aikatan kamfanin kashi biyu ne. Akwai mu 'yan biro, masu baj, katin shaidar aiki, rataye a wuya, da lambar ma'aikaci, da takardar asibiti, da sa ran fansho in an tsufa. Akwai kuma waɗanda muke kira mutanen Alhaji. Su ne ke zaune a ƙauyuka suna wanke farantan hasken rana, suna hawa tankin ruwa, suna ɗaure bututu in ya fashe, suna raba faɗan layi a bakin famfo. Ba kamfani ne ya ɗauke su ba. Wani ɗan kwangila ne, Alhaji Gado, ya tattaro su, kuma shi ke sallamarsu. In mutum ya faɗo daga kan tanki, sai dai Allah, sai kuma abin da kirkin Alhaji ya ba shi. Wasunsu sun haura shekara goma a wannan aiki, amma in sun zo biro a bakin ƙofa suke tsayawa, sai gardi ya shiga ya faɗi zuwansu.

Sai ga saƙo daga Yamai cewa kwangilar Alhaji za ta ƙare a ƙarshen shekara, ba za a sabunta ba, kuma kamfani zai ɗauki mutanensa su zama cikakkun ma'aikata. Amma da sharaɗi. Sau ɗaya tak za a aika sunaye, Yamai ta buɗe gurabe daidai yawan sunayen, ta rufe. Wanda ya shiga ya shiga. Wanda bai shiga ba, ranar da kwangilar Alhaji ta mutu, aikinsa ya bi ta. Shef ɗinmu, shugaban biro, ya kira ni ya ce tunda ni ne na inji, ni zan tsara yadda za a shigar da su.

Ranar da ƙyar kaina ya wuce ta ƙofar biro. Na sayo manyan takardu na manna a bango, na ja layuka da jan alƙalami da kore da shuɗi. Da farko a tattara takardu, sannan a tace sunaye, sannan bikin raba baj. Ɗaukar hoton fuska kuwa na tura shi can ƙarshe, bayan biki, wai don kada ya ci mana lokaci. Duk wanda ya shigo sai na tsayar da shi na yi masa bayanin layukan, har mai kawo mana ruwan sanyi bai tsira ba.

Mutum ɗaya ce zanen bai burge ba, Madam Rakiya, sakatariyar da ke riƙe da dosiyen ma'aikata, wato fayilolinsu, tun ina ɗan lakwal a aji ɗaya. Ta tsaya gaban bangon ta dube shi sama da ƙasa.

"Injiniya, zanen ga ya yi kyawo," ta ce. "Amma ina ranar da za ka tahi ka gane su?"

"Su wa, Madam?"

"Mutanen mana. Ka bi ranakkun kasuwa. Kore Mairuwa na bisa gudron, kwalta har can, Dogon Kiriya da Sukukutane ka shiga motar 'yan kasuwa. Sati biyu ka gama, ka gaisa da kowa hannu da hannu."

Na yi irin dariyar nan ta yaron da ya ga birni. "Haba Madam, wanga ai tsohon yayi na. Kowa shi ɗauki hoton takardar haihuwarshi da waya shi turo. Nan zaune za ni gama komi, sans bouger, ko motsi ba ni yi."

"To, Allah shi ba da sa'a," ta ce. "Amma ka sani takarda ba ta da huska."

Gaskiyar da ban faɗa mata ba ita ce, yashi nake gudu. Takalmina na fata ne, sabo fil, kuma na taɓa shiga motar Dogon Kiriya sau ɗaya aka ɗora mini akuya a cinya, ta yi abin da akuya ke yi. Wannan shi ne ainihin dalilin da ya sa na zaɓi zamani. Sauran duk ado ne.

Takardu suka fara shigowa, wasu a karkace, wasu da babban yatsan mai ɗauka a tsakiya. Wanda ya san ƙauyukanmu ya san yadda takardar haihuwa take. Yawancin mutanen nan ba a asibiti aka haife su ba. Sai sun girma ake yi musu takarda, ranar da alƙali ya zo gari da magatakardansa, a dubi mutum a kintata, a rubuta an haife shi wajen shekara kaza. To inji bai san "wajen" ba, rana da wata yake so. Sai na yi abin da ake yi a ko'ina, na ba kowa ɗaya ga watan Janairu. (In ka bi ta takarda, rabin Arewa a rana ɗaya aka haife su. Allah ya saka wa ungozomomin wannan rana.)

A biro kuwa an daɗe ana raɗe-raɗin cewa 'yan kwangila kan cusa sunayen mutanen da babu su. Ban taɓa ganin Alhaji Gado ya yi ba. Amma wallahi na so a ce ya yi, don in zama ni na kama shi. Sai na kafa wa injin doka: duk inda ya ga suna ɗaya, uba ɗaya, uwa ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, gari ɗaya, lambar waya ɗaya, ya ja layi ja a kai.

Ya ja wa sunaye huɗu. Uku daga ciki hoto ɗaya ne aka turo sau biyu saboda rashin rezo, wato sabis ɗin waya, ba wani abu. Na huɗun shi ne Mahamadu Abdu na Sukukutane. Komai iri ɗaya, sai dai lambar da ke saman takardun ta bambanta, ɗaya na bin ɗaya. Na gani. Ba zan yi muku ƙarya in ce ban gani ba. Amma mai neman kuka aka jefa da kashin awaki, nan take na ce ai ga hujja, a zama ɗaya aka buga na gaske da na jabu.

Na kira Madam Rakiya ta zo ta ga abin da zamani ya kamo. Ta leƙa ta ce, "Kira lambar ka ji."

Na kira sau ɗaya. Muryar matar nan ta kamfanin waya ta ce ba a samun mai wannan lamba a yanzu. Na aje wayar na ce, "Kin gani ko, Madam? Fatalwa ba ta ɗaukar waya." Na ƙyalƙyale da dariya ni kaɗai. Ita dai ta koma teburinta. Na danna, sunan na biyu ya ɓace, na aika jerin Yamai kwana biyu kafin wa'adi don a san a Dogon Dutsi akwai mai ƙwazo.

Ranar biki muka ari wani zauren taro, aka toshe tagogi da zannuwa don majigi ya fito da kyau. Babban darakta ya zo daga Yamai da kansa. Mutanen Alhaji suka iso, wasu tun jiya, wasu da amalanke suka fito kafin su samu mota. Kowa da kayan sallarsa, wasu rigunan har da karin ninkin akwati a jikinsu. A ranar ba wanda ya tsaya a bakin ƙofa. Aka shigo da su aka zaunar a kujeru, na ga wani dattijo yana shafa hannun kujerar kafin ya zauna. Alhaji Gado ma ya zo, yana gefe da carbinsa.

Aka ba ni magana. Na sa tabarau. Na yi da Faransanci don darakta, na juya da Hausa don jama'a, na nuna layukana ja da kore da shuɗi. Da a nan na tsaya, da yau ba ni da labarin da zan ba ku. Amma na ɓoye abin da na fi ji da shi sai ƙarshe. Na danna, sunan ya fito a bango da jan rubutu, kowane harafi ya kai tafin hannu.

"Jama'a," na ce, ina nuna bangon ba tare da na karanta sunan ba, "wanga mutum da kuka gani, babu shi. Ba a haihe shi ba, bai taɓa wanke faranti ko guda ba. Suna na kawai anka ƙirƙira don a ci haƙƙin kamfani. Shekara da shekaru ba wanda yag gane, sai da inji yaz zaka." Na ɗan saci kallon Alhaji Gado, don kowa ya san inda maganar ta dosa.

Darakta ya gyaɗa kai ya fara tafi. Mutanen ƙauye, da yawansu ba su karanta boko, da suka ga babba na tafi sai suka kama. Duk zauren ya ɗauka. Har da wasu mutum biyu a layi na uku, na tuna su sarai, don sun fi kowa ƙarfin tafi. Na koma na zauna, na bar sunan a bango da gangan don ya ci gaba da yi mini shaida.

Madam Rakiya ta fara kiran sunaye. Wanda aka kira ya fito, darakta ya rataya masa baj, a yi tafi. Wasu in sun koma sai su yi ta juya abin a hannu suna murmushi. Ana cikin haka ta ce, "Mahamadu Abdu, Sukukutane."

Mutum biyu suka miƙe daga layi na uku. Ɗaya dogo mai furfura a gemu, yana ɗan ɗingishi. Ɗaya gajere kakkaura da sabuwar hula. Goshinsu ɗaya, hancinsu ɗaya.

"Wane na Mahamadu Abdu cikinku?" in ji Madam.

"Mu duka na, Hajiya," dogon ya amsa.

Shef ya ce masa ya yi bayani. Dattijon ya ɗan rusuna wajen manya ya ce, "Ranku shi daɗe, ni aka ce ma Lawali, wanga ƙanena na, Sani. Babanmu, Allah shi jiƙan shi, duk ɗa namijin da yas samu Mahamadu shika sa mai, don albarkar sunan. Mu dai gida ba mu taɓa ruɗewa ba. Shekarar da alƙali yaz zaka garinmu yin takardu, tare munka shiga layi, ina gaba shina baya. Mai rubutu yad dube mu yac ce tsara muke, yab ba mu shekara guda. Alhali na girme shi da damana ukku."

Sai na ji wata siririyar murya ta ce, "To waya fa?" Ashe tawa ce.

"Waya guda ta gidanmu, Mushe. Ita ma sai an hau tudun bayan gari taka kamawa." (Mushe ɗin nan monsieur ne na Faransanci, haka suke kiran ɗan boko.)

Har zuwa nan su biyun ba su san me ake ciki ba, suna tsaye suna jiran a ba kowa nasa. Alhaji Gado ne ya aje carbinsa ya miƙe a hankali. Bai ko dube ni ba. Ya ce, "Lawali, jan rubutun can da kuka gani bisa bango, sunanku na. Injiniya ya ce ɗayanku babu shi."

Malam Lawali ya juya ya dubi bangon. Ya daɗe yana kallon rubutun da ba ya iya karantawa. Sannan ya juyo gare ni, kuma na rantse babu ko ɗigon ba'a a muryarsa, tambaya ce ta mai son ya sani.

"To Mushe, cikinmu wane na injin yac ce babu shi?"

A nan ne ya kamata in tashi in ce na yi kuskure, ku yafe mini. Kalma biyar ko shida ce, ko ɗan yaye zai iya. Amma mai digiri a gidan gilashi bai iya ba. Abin da ya fito daga bakina, gaban darakta, gaban Alhaji, gaban mutum biyu masu rai da numfashi, shi ne, "Kuna da wata hujja?"

Wani daga baya ya ɗaga murya: "Injiniya, matsa ka taɓa shi mana, ka ji in iska na!"

Zauren ya fashe da dariya. Amma ba ta yi nisa ba, don Sani ya sa hannu a aljihu ya ciro wata leda da aka naɗe da zare. Ya kwance ta a natse, ya zo ya shimfiɗa takardu biyu a kan teburin da ke gabana, ya danne gefensu da yatsunsa don kada fanka ta ɗauke. Yatsun duk kanta ne da tsagar ƙarfe. Lambobin nan biyu da na sani, ɗaya na bin ɗaya, suna kallona.

Na yi wuf zan kashe majigi, na danna inda ba daidai ba, sunan ya ƙara girma har ya cika bangon. Na sake dannawa ya ƙi. Gumi ya sa tabarau ya zamo mini zuwa kan hanci. A ƙarshe sai da na durƙusa na rarrafa ƙarƙashin tebur, gaban kowa, na fizge wayar wuta daga bango. Da ƙasa za ta yarda, da a can ƙarƙashin teburin na tare.

Da na fito, darakta da shef suna ƙus-ƙus. Shef ya gyara murya ya ce, abin ya zo da kuskure, amma Yamai ta riga ta rufe, gurbi ɗaya ne aka buɗe da wannan suna. Za a duba na biyun in an zo tsarin baɗi. Kafin nan, ɗayansu ya zo ya karɓa.

"Sani, tahi ka amsa," in ji Malam Lawali. "Kai ad da ƙananan ɗiya."

"Ba ni amsa, Yaya."

"Na ce ka tahi."

"Kai kak koya min hawan tanki. In rataya abin ga ga wuya kana tsaye hannu rabbana? In koma gari in ce ma mutane mi?"

"Ni na tsuhwa, gona ta ishe ni."

"Gwiwarka fa? Takardar likita kai ta hi ma amfani."

Haka suka yi ta yi, a hankali, ba mai ɗaga murya, kowa na tura wa ɗan'uwansa abin da shi kansa ya shekara goma yana mafarki. Darakta na tsaye da baj yana lilo a hannunsa. Da ya ga ba mai matsowa, sai ya aje a tebur. Madam Rakiya ta ɗauka ta sa a ambulan, ta kira suna na gaba. Su kuma suka koma layi na uku suka zauna. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne, duk wanda aka kira bayan nan sai da suka yi masa tafi, har na ƙarshe.

Da aka tashi na laɓe a bayan zaure ina naɗe wayoyin da na riga na naɗe. Can Malam Lawali ya same ni. Ba su tsaya cin abinci ba, wai kada motar garinsu ta tashi. Ya miƙo mini hannu biyu ya ce, "Mushe, mu za mu koma. Kak ka sa ma ranka damuwa, aikin da yawa kuma kai ɗai na. Allah shi ƙara basira." Da mari ya ba ni, da na fi samun sauƙi.

Madam Rakiya ba ta taɓa ce mini "ai na faɗa maka" ba. Ranar Litinin dai na tarar ta aje mini farar takarda da adireshin ofishin ma'aikata na Yamai a kan teburina. Na rubuta. Na sake rubutawa. Na kira har masu ɗaukar waya suka gane muryata, amsa ɗaya ce kullum, ana dubawa. Na sauke takardun bango da kaina, mai ƙosai ta ƙofar biro ta samu na ƙunshi.

Shekara ta ƙare, kwangilar Alhaji ta ƙare, baj na nan cikin ambulan ba wanda ya zo. Bayan kamar mako biyu Madam ta shigo ta rufe ƙofa ta ce mini Sani ya bar gari. Ya bi masu zuwa haƙar zinariya can arewa mai nisa, cikin hamada. Bai yi sallama da wansa ba, don ya san ba zai bar shi ba. Saƙo ya bari wajen matarsa, cewa yanzu Yaya ba shi da wanda zai tura wa, sai ya je ya karɓa. Malam Lawali ya zo ranar wata kasuwa ya karɓa a hannun Madam, ba tafi ba darakta. (Ni kuwa da na hango shi daga taga, sai na tuna ina da aikin gaggawa a ban ɗaki. Na yi kusan rabin awa a ciki.)

Sai bayan an yi girbin gero na shekarar da ta biyo Yamai ta buɗe gurbi na biyu. Aka aiko da baj, suna iri ɗaya, lamba dabam. Shef ya ce a ba direban da ke zuwa wajen. Na ce a'a, ni zan kai.

Na shiga motar 'yan kasuwa, muka kafe a yashi sau biyu, muka fito muka tura. Kafin la'asar ina Sukukutane. Tafiyar da na ƙi yi tun farko, yini ɗaya ce ba ta ma cika ba. Na tarar da Malam Lawali a wajen famfo yana goge faranti da tsumma ɗaure a bakin sanda. Ya gane ni tun daga nesa, ya aje sandar ya taho yana ɗingishi yana mini maraba kamar wani ɗansa ne ya dawo daga tafiya.

Ya kai ni gida, aka shimfiɗa tabarma a inuwa, aka kawo ruwa da fura. Muna cikin gaisuwa sai wata mata ta fito daga bayan zana da goyo, ta durƙusa nesa kaɗan. Idonta na kan ambulan ɗin da ke hannuna.

"Sannu da zuwa, Mushe," ta ce. "Labarinai kunka kawo?"

Matar Sani ce. Ta ga baƙo daga birni da takarda, ta ɗauka ko an ji wani abu. Na ce mata a'a, aikinsa ne ya fito. Ta ce, "To, madalla," ta tashi ta koma.

Malam Lawali ya bari sai da ta shige, sannan ya ce, "Da farko duk Juma'a shina kira, mu hau tudu mu jira. Tun kahin azumi shiru. Waɗansu da sunka komo sun ce rami ya rubza da mutane wajen da shike. Waɗansu sun ce a'a, sun gane shi ya wuce gaba. Ba mu yi zaman makoki ba, ba mu kuma bar hawan tudu ba."

A kan tabarmar nan na faɗi abin da ya kamata in faɗa tun a zaure, da Hausa zalla, ba Faransanci ko ɗaya. Na ce masa ba inji ba ne, ni ne. Na ga lambobin sun bambanta. An ce in zo in gan ku na ƙi, saboda takalmi. Na kira sau ɗaya na yi dariya. Na ce Baba ku yafe mini, kuma ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Ya karɓi ambulan ɗin ya buɗe, ya ciro baj ɗin, ya shafa shi da babban yatsa. Ya ce, "Na yahe ma, ɗana, tun ran nan. Abin da Allah yar rubuta ba ya da magogi." Sannan ya yi wani ɗan murmushi da ban so in gani ba. "Ran da injinka yac ce mu guda na, mutane sunka yi ta dariya. Ga shi yanzu in ka ƙirga, guda za ka iske."

Na kwana a garin, washegari na komo. Ban san me na ce wa shef ba game da tafiyar.

Tun daga nan, duk sunan da inji ya ja wa layi, sai na shiga mota na je na yi sallama a ƙofar gidan mai shi, in ya fito mu gaisa, in bai fito ba in tambayi maƙwabta. Yaran da aka ɗauka bayana suna mini dariya, wai Injiniya mai tsoron danna maɓalli. Na yarda, sun faɗi gaskiya. Na koyi cewa abin da ya fi komai sauƙi a aikinmu shi ne gogewa, shi ya sa bai kamata a bar shi a hannun mai sabon takalmi ba.

Sunan Sani yana nan a cikin jerin ma'aikata, da lambarsa. Duk ƙarshen wata injin yakan fito mini da saƙo cewa wannan ma'aikaci bai taɓa zuwa aiki ba, ko a cire shi? Ni kuma in danna a'a.